Babi na Biyar: Itatuwan da Kakanni Suka Bari a Tsaye

Matafiyin da ya baro Gusau ya ratse a Mayanci, ya bi hanyar Anka zuwa Daki Takwas har ya dangana da Gummi, in tafiyar ta faɗo masa da rani bayan an kwashe hatsi an ɗaure kara, zai ga abin da damina take rufewa. Kowace gona da itatuwanta a tsaye, ɗaya nan ɗaya can. Ga ɗorawa ta baje kai, ga kaɗanya da kaushin bayanta, ga tsamiya ta kafu a kan tsohon suri, giginya ta jeru a gefen fadama, kuka kuwa sai an doshi gari ake fara cin karo da ita. In ka tambayi mai gona wa ya shuka su, amsar da za ka fi ji ita ce: “Na Allah ne, haka muka tashi muka tarar.” Gaskiya ya faɗa, amma da saura. Dajin da fartanya ba ta taɓa shiga ba, sabara da geza da marke da farar ƙaya ne suke cunkushe a ciki, mai 'ya'yan ci kuwa sai an nema. Dalilin da ya sa gonakin Anka da Bukkuyum da Gummi suka cika da itatuwan da ake ci, ake kaɗa miya da su, ake tatsar mai daga gare su, shi ne wani ya taɓa tsayawa da gatari a hannu lokacin sassabe, ya sare goma ya bar ɗaya. Ɗansa ya zo ya yi haka, jikansa ma ya yi. Wadda aka bari kuwa ba da ka aka bar ta ba, an san uwarta.

A Ingila akwai wata gona a Brogdale, cikin yankin Kent, inda aka tara irin tuffa fiye da 2,000, kowanne da sunansa da tarihinsa a rubuce. A garin Southwell kuma an adana uwar tuffar da ake kira Bramley, wadda wata yarinya ta shuka ƙwallonta a 1809, domin duk tuffar da ke ɗauke da wannan suna daga reshenta aka samo ta. Mu namu lambun tarihin ba shi da katanga, ba shi da littafin rajista. A warwatse yake a bayan gari, a kufai, a ƙofar fada, a bakin kasuwa, rajistarsa kuma tana cikin kan tsofaffin mata. Abin da ya dame ni, wanda ya sa na ware masa babi guda, shi ne wannan lambu ya tsufa baki ɗaya, kuma in ka duba ƙarƙashin manyan ba ka ganin ƙanana masu tasowa.

Tarihin Zamfara tarihi ne na ƙaura. Sarautar ta fara a Dutsi, ta yi zamanin ƙarfinta a Birnin Zamfara, har Sarkin Gobir Babari ya ci birnin a shekarun 1760, Gobirawa suka kafa Alkalawa a ƙasar da ta kasance ta Zamfarawa. Daga nan gidan sarautar ya yi ta sauya mazauni, ya zauna a Kiyawa, ya zauna a Sabon Gari, kafin ya tabbata a Anka a farkon ƙarni na 19, inda Sarkin Zamfara yake har yau. Gummi tana da Sarkin Mafara, Bukkuyum tana da Sarkin Danko, ga kuma tsofaffin garuruwa irin su Zugu da Zauma. Wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya zauna a Anka a farkon shekarun 1950 yana tattara labarin sarakuna, ya buga littafinsa a 1959. Dakta Garba Nadama, wanda daga baya ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa a kan tashi da faɗuwar daular a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Waɗannan ayyuka sun tsare mana sunaye da yaƙe-yaƙe. To amma garin ƙasa in aka tashi aka bar shi, damina hamsin ta isa ta mayar da soraye tudu, ta cike gwalalon ganuwa. Abin da ke rage wa mai neman gurbin gari shi ne fasassun tukwane, da ramukan marina, da kukoki.

Kuka aminiyar zaman mutane ce, kuma akwai dalili. Ƙwayarta, wato guntsu, tana da ɓawo mai tauri, ba ta tsira da sauƙi sai ta jiƙu ta yi laushi. An kawo 'ya'yan gida, an fasa, an tankaɗe garin an dama da nono, an watsar da guntsun a juji inda toka da taki da ruwan wanke-wanke suke haɗuwa: nan take tsira. In ta fito a bayan danga, akuya ba ta kai mata, matar gida kuma ta san ganyen miya ne ya zo mata har ƙofa. Shi ya sa kuka guda a tsakiyar daji ba ta cewa komai, amma goma ko ashirin a dunƙule, manya masu kusan girma ɗaya, shaida ce mai ƙarfi cewa an taɓa hura wuta a wurin. Birnin Kukawa da Shehu Laminu ya kafa a Borno a 1814 daga wannan itaciya ya samo suna. Tun a 1352 Ibn Battuta, a hanyarsa daga Walata zuwa Mali, ya ba da labarin manyan itatuwa masu kogo da ruwan sama ke taruwa a cikinsu, har ya ga masaƙi ya kafa masaƙarsa a cikin ɗaya.

Shekarun kuka ba a ƙidaya su da zoben cikin gungume kamar sauran itatuwa, domin jikinta taushi gare shi, cike da ruwa, cikinta kuma yakan zama kogo. Sai da awon sinadarin kabon aka gano cewa wasu sun haura shekara 1,000, wata ma a Zimbabuwe ta kai wajen 2,450. Masanan da suka yi wannan awo, ƙarƙashin Adrian Patrut, sun ba da rahoto a 2018 cewa tara daga cikin goma sha uku mafiya tsufa da suka bibiya sun mutu, ko manyan sassansu sun zube, cikin shekara goma sha biyu kacal. A kudancin Afirka abin ya faru, amma ya kamata ya farkar da mu. Mun saba ɗaukar kuka a matsayin abin da ba ya mutuwa. Tana mutuwa, kuma in ta faɗi ba ta barin gungume, cikin 'yan watanni take ruɓewa ta zama tarin zare.

Ga abin da baƙo ba ya gani. A idonsa kuka kuka ce. A wajen mai miya kuwa, akwai wadda ganyenta ke da daɗi da yauƙi, akwai mai ɗaci wadda ko kyauta ba a so. Akwai mai garin zaƙi-zaƙi, akwai mai tsami ƙwarai. Wadda ka ga an aske mata rassa duk shekara har ta zama kamar dunƙulallen hannu, ita ce mai ganyen kirki. Wadda aka ƙyale ta yi reshe yadda take so, ko dai ta 'ya'ya ce ko ba ta da daɗi. Binciken da aka yi a Mali da Barkina Faso da Binin ya tarar manoma na rarrabe kukoki ta launin ɓawo da ɗanɗanon ganye da na gari, kamar yadda iyayenmu mata suke yi. Akwai illa a ɓoye a nan: itaciyar da aka fi so ita aka fi askewa, wadda aka aske kuwa ba ta samun damar fure sosai balle ta ba da iri. Wato mafi kyawun kukokinmu su ne mafi ƙarancin 'ya'ya. Tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a shigar da garin kuka kasuwanninta a matsayin abinci, amma wannan kasuwa buhu take sani, ba ta tambayar daga wace itaciya.

In kuka ce alamar gari, ɗorawa ce dukiyar gona. A ganina babu itaciyar da ta kai ta shiga rayuwar Bazamfare ta ƙofofi da yawa. Da sanyin hunturu zuwa farkon zafi take fitar da tutu, jajayen ƙwallaye masu lilo a dogon mariƙi, yara na tsotsar zaƙinsu. Da dare jemagu ke zuwa shan ruwan furen, su ne kuma ke ɗaukar ƙurar fure daga wannan itaciya zuwa waccan, kamar yadda suke yi wa kuka. Wanda ya kori jemagu daga gari ya rage wa ɗorawa haihuwa bai sani ba. Daga tutu sai sabada, daga sabada sai garda, sannan ta nuna wajen watan Afrilu zuwa Mayu. A lura da lokacin: daidai sa'ar da rumbu ya fara nuna gindi, ruwa bai sauka ba, kasuwa ta yi tsada. Garin ɗorawa rawaya, a dama da ruwa ko a zuba a kunu, ya tsare yara da yawa daga kwana da yunwa a shekarun fari na 1973 da 1984, da waɗanda suka gabace su.

Kalwa kuwa aikin mata ce tun daga farko har ƙarshe, kuma aiki ne mai cin itace da ƙarfi. A dafa ta yini ko kwana har ɓawon ya saki, a surfa da toka ko yashi, a kai rafi a wanke, a sake dafawa, a juye a kwando ko masaki a rufe da ganye a ajiye wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. A nan wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke narkar da ita, su ba ta wannan ƙamshi da ke cika unguwa. Sannan a kirɓa, a mulmula, a shanya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na daddawa sinadarin gina jiki ne, don haka a gidan da nama sai sallah, ita ce naman miya. Dunƙulen Maggi ya zo ya karɓe mata wuri a tukwane da yawa, ya kawo gishiri da ɗanɗano, bai kawo abin da ke gina jikin yaro ba. Daddawar waken suya da ta ɓatso suna nan suna cike giɓi, amma duk mai girki ta san ta kalwa daban ce.

Ko ɓawon ɗorawar ba a zubarwa. Shi ake jiƙawa a sami makuba, a yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi da sheƙi, a shafe bangon soro da ita don ruwan sama ya zame. Tsofaffin gine-ginen ƙasa na garuruwan nan da ɗorawa suka yi tsawon rai. Masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa wa dangin wannan itaciya sunan matafiyin nan Mungo Park a 1826, a cikin rataye na littafin tafiyar Denham da Clapperton, shi Clapperton kuwa shi ne Baturen da ya ratsa Zamfara a 1824 zai je wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Likita J. M. Dalziel kuma ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916. Duk wanda ya duba irin wannan aiki zai ga cewa kusan kowane mataki na rayuwar ɗorawa yana da sunansa, kuma mutane ba sa wahalar raɗa suna ga abin da ba su dogara da shi ba.

Tana da nata laifin, kada a ɓoye. Inuwarta mai kauri ce, gero da dawa ba sa yin kirki a ƙarƙashinta. Manomin da ya bar ɗorawa uku a gona ya san ya sadaukar da wasu dammuna na hatsi. Kakanni sun yi wannan lissafi sun ga ribar ta fi. Jikan da gonarsa ta zama rubu'in ta kakansa saboda rabon gado, lissafinsa dole ya bambanta, kuma ban ga adalci a zarginsa ba tare da an duba hakan ba.

Sauran zan bi su da sauri, ba don sun gaza ba. Tsamiya ita ce inuwar kasuwa da majalisar dattawa, 'ya'yanta na kunun azumi, tsutsar da ke cin ganyenta kuma ita ke ba da zaren da ake saƙa rigar tsamiya ta manya. Tsoron da ake yi mata, cewa mazaunin iskoki ce, malamai sun yi ta wa'azi a kansa, amma ya kamata a san cewa wannan tsoro ya tsare tsamiyoyi da kukoki da yawa daga gatari. Da ya kau, ba a sa wani abu a gurbinsa ba. Kanya, wadda mutanen yamma ke ce wa kaiwa, da ɗinya da ake dafa maɗi da ita, suna son bakin rafi. Aduwa na ba da 'ya'ya da mai da allon makaranta. Magarya da kurna na ba da abin tsotsa da akuri, ganyen magarya kuma shi ake nema ranar wankan gawa. Ga danya da nununta, ga taura, ga tsada, ga gwandar daji. Yaron da ya tashi a Gayari ko Adabka ko Waramu shekara hamsin da suka wuce, kowane wata na shekara da abin da zai tsinka a hanyar kiwo.

Giginya ta cancanci a ɗan tsaya mata, domin kwarin Gulbin Zamfara da fadamun da ke biye da shi irin ƙasarta ne: tana son jijiyarta ta taɓa ruwa, tana kuma jure ambaliya irin wadda ta auka wa Gummi a watan Agustan 2024. Akwai namiji akwai mace. Macen ke 'ya'ya, namijin kuma ya fi ba da azara mai ƙarfi wadda gara ba ta ci, ita ce ta riƙe rufin soraye da masallatai. Ana cin ta ta kai biyu. A sama ana sare manya don azara, a ƙasa kuma ana binne ƙodago a tono muruci bayan wata shida zuwa takwas. Kowane muruci da aka dafa aka sayar a tasha giginya ce da ba za ta tashi ba. Wannan ba laifi ba ne muddin ana barin wasu. A yankin Gaya ta Jamhuriyar Nijar, cikin Dallol Mawuri, da aka ga dajin giginya na ƙarewa, sai aka miƙa kula da shi ga ƙauyukan da ke kewaye a shekarun 1990, su ke tsaro, su ke da rabo a kuɗin azara, kuma ƙananan giginyu suka dawo.

Mangwaro baƙo ne, daga Indiya asalinsa, kuma bai bazu a ƙasar Hausa sosai ba sai zamanin Turawa, ta hanyar barikoki da lambunan En'e da fatake masu dawowa daga kurmi da ƙwallo a aljihu. Duk da haka tsofaffin mangwarorin fadama sun riga sun zama gado. Galibinsu daga ƙwallo aka shuka su, don haka kowace da halinta: wata zare, wata zaƙi, wata ta riga kowa nuna. Yanzu kasuwa ta fi son mai aure, irin su Binta Suga da Fafaranda, ana sare tsofaffin a maye gurbinsu. Ina ganin kuskure ne a sare su duka. Itaciyar da ta shekara sittin ko saba'in a wuri, ta ga fari ta ga ambaliya ba ta mutu ba, ta riga ta ci jarrabawar da sabon iri bai zauna ba, kuma ƙwallonta shi ne gindin da ya fi dacewa a ɗaura wa sabon reshe. Darbejiya ma baƙuwa ce, an fara dasa ta a Borno a 1928, ta mamaye titunan garuruwanmu. Inuwa take bayarwa da magani, ba ta ciyar da kowa.

Wa ke da itaciya? A al'adar ƙasar Hausa amsar ba kullum take bin gona ba. A wurare da yawa mutum na iya sayar da gona ya riƙe ɗorawar da ke ciki, ko ya jinginar da itaciya shi kaɗai, ko magada su raba ƙasa su bar tsamiya ta zama ta kowa, a raba 'ya'yanta duk shekara. Abin da ya faɗo ƙasa na mai wucewa ne, amma hawa ko kaɗawa sai da izini. A zamanin En'e an sa dokar hana sare irin waɗannan itatuwa sai da takarda, ga sarkin daji da malaman daji suna zagaye, mai unguwa da dagaci kuma suna da ido a kan kowace gona. Dokar tana da cutarwa, domin takan sa manomi ya ji itaciyar gonarsa ta hukuma ce. Amma bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ikon sarakuna a kan daji ya raunana, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta mayar da ƙasa hannun gwamna, aka wayi gari tsohon mai tsaro ya tafi, sabon bai iso ba.

Sai dai gatari ba shi ne babban abin da ya hana ƙanana tasowa ba. Babban dalili shi ne ɓacewar saura. Kaɗanya da ɗorawa a gonar da ta huta suke tsira: shekara biyar, goma, ciyawa da sabara na rufe su har su fi ƙarfin baki, in aka dawo sassabe sai a zaɓi na bari. Yau ƙasa ta yi kaɗan, gona ba ta hutawa. Garmar shanu da tarakta ba sa ganin ɗan tsiro yadda mai fartanya ke gani ya kauce. Da rani kuma awaki da tumaki na bin duk wani kore. Kaɗanya na ɗaukar shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ba ta kai ƙarfinta sai wajen shekara 40 ko 50, tana kuma iya rayuwa shekara 200 ko fiye. Ma'ana, kaɗen da mata ke tsinta yau na itatuwan da aka bari ne tun kafin a haifi iyayensu, giɓin da muke yi yanzu kuma ba zai bayyana ba sai mun kau. Manyan da suka rage ga kauci ya ɗare musu rassa yana tsotsa, ga masu gawayi da masu sassaƙa turmi, ga zarto mai inji da ke kayar da itaciyar shekara ɗari kafin a sauke tukunyar rana. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗe zuwa waje na wata shida don a riƙa sarrafa shi a gida. Matakin ya shafi ciniki, bai taɓo maganar wa zai raini itatuwan gobe ba.

A kan wannan duka sai ga masifun da suka sauka a yankin. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinari ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma aka yi mata haka a 2013. Daga baya ta'addancin 'yan bindiga ya zo, har da kisan gillar farkon Janairun 2022 a waɗannan ƙananan hukumomi biyu. Ba zan haɗa asarar itace da asarar rai ba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma akwai abin da ya kamata a faɗa. Matar da ke fita da asuba tsintar kaɗe ko kaɗa ɗorawa ita ce ta fi kowa shiga haɗari, don haka ta daina zuwa. Wadda ta yi gudun hijira zuwa cikin garin Anka ko Gummi ba ta da abin dafa abinci ko na sayarwa sai itacen da ke kusa, don haka itatuwan bakin gari suke ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsu. Kuma ilimin da na ambata, na sanin wace kuka ce mai daɗi, wace ɗorawa ce mai cika kwando, yana tare da tsofaffin da aka raba da itatuwansu. Jikokinsu na tashi a inda ba za a iya nuna musu da yatsa ba.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun taɓa kaiwa inda ya fi namu muni ta fuskar itace. A farkon shekarun 1980 gonakinsu sun zama fili, dashen da ake yi da kuɗin agaji kuma yawancinsa mutuwa yake. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa duk shekara tohon kututture ne masu rai, da jijiyoyinsu a ƙasa. Sai aka fara abin da manoma suka kira sassabin zamani: a zaɓi toho ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a bar su su tashi. Ba rijiya, ba leda, ba motar ruwa. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, abin ya bazu a Maraɗi da Damagaram har aka ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Wannan ba sabon abu ba ne a wajen Bahaushe, aikin kakansa ne aka dawo masa da shi. Yammacin Zamfara kuwa ya fi Maraɗi ruwan sama nesa ba kusa ba.

Zamfara na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, wanda aka kafa wa hukuma ta ƙasa a 2015. Abin da nake so in gani daga irin waɗannan shirye-shirye, da fadojin Anka da Gummi da Bukkuyum, bai fi ƙarfinsu ba ko a wannan hali. A fara da cikin gari, inda ake iya zuwa: kowane mai unguwa ya san manyan itatuwan unguwarsa, a rubuta su, da mai su, da abin da aka san kowace da shi, a sa sare su ya zama sai da sanin fada. A zauna da matan da suka yi hijira a tambaye su, ba don tausayi kaɗai ba, don su ne masana. Sannan a ɗebi iri da reshe daga zaɓaɓɓun. Aure ba na mangwaro kaɗai ba ne. A cibiyar bincike ta Sadore kusa da Yamai an ɗaura reshen magaryar Indiya a kan gindin tamu, ta ba da 'ya'ya manya da ake kira tuffar Sahel. A Mali an aurar da kuka ta yi 'ya'ya cikin 'yan shekaru maimakon jiran goma sha wani abu, kuma reshen da aka ɗaura yana riƙe ɗanɗanon uwarsa daidai, abin da ƙwaya ba ta lamuncewa. Makarantun allo da na boko da masallatan Juma'a da yawa suna da fili da katanga da yara masu iya ban ruwa, malamai kuma sun daɗe suna karantar da cewa dashen itace sadaka ce mai gudana. Abin da ɗan tsiro ke buƙata shi ne kariya daga akuya rani uku.

Kowane iri da yadda ake bi da shi. Guntsu da kalwa da ƙwallon tsamiya suna ajiyuwa shekara da shekaru a tulu ko kwalba, in za a shuka a jiƙa su a ruwan zafi su kwana. Reshen aure kuwa kwanaki kaɗan yake yi a jiƙaƙƙen buhu kafin ya bushe. Ƙwallon kaɗe ya fi su duka wuya: da ya faɗo, cikin 'yan makonni ransa ke fita, ba ya jure shanya ba ya jure ajiya, in an shuka shi kuma jijiya yake fara turawa ƙasa, sai bayan watanni ganye ya leƙo, har mai gaggawa ya ɗauka ya ruɓe. Saboda haka duk wanda ke son irin wata kaɗanya ta musamman da ke can wajen Wuya ko Gwashi, dole ne wani ya isa gindinta tsakanin Yuni da Agusta, ya tsinto wanda ya faɗo a daren, ya binne shi cikin makon nan.